Kafin ka sayi waya, tambayi GPS ɗinta, ba kyamara kaɗai ba

Idan taswirar waya ta nuna mu a inda ba ma nan, sabis muke zagi. Wani lokacin kuwa daga rana matsalar take.

Siginar GPS tana ratsa wani sashe na sararin sama mai suna ayonosfiya, kuma yawan ilektiron da ke wurin ne ke jinkirta ta. Idan rana ta watso burbushinta mai caji, guguwar maganaɗisu ta taso, wannan adadi yakan hargitse. Iska da ƙarfin lantarki kan tura ilektiron can sama inda ba sa saurin ɓacewa, sai su ƙaru. Zafi kuma kan ɗago iska mai yawan naitirojin wadda ke rage su da sauri.

Wayar da ke kama zango ɗaya, wato L1, ƙiyasin jinkirin kawai take yi, ranar guguwa sai lissafi ya kuskure. A watan Mayun 2024, lokacin guguwa mafi ƙarfi tun 2003, sai da wasu manoman Amurka suka dakatar da shuka saboda GPS ɗin taraktocinsu ya rikice.

Arewacin Najeriya kuwa yana kusa da ikwaitan maganaɗisu, inda ayonosfiya ke yawan rikicewa bayan magariba.

Don haka a ganina, ka nemi mai kama L1 da L5 tare, fasahar da Xiaomi Mi 8 ta fara kawowa wayoyi a 2018. Ba ta kawar da matsalar gaba ɗaya, amma ga mai kai saƙo a babur, ta fi ƙarin megafiksel amfani.