Ƙauyen da zinariya ta haɗiye

A shekarun 1880 wani kamfanin ɗab'i mai suna Bosqui ya buga wani zane na San Faransisko yadda yake a 1846 zuwa 1847. 'Yan gidaje ne na katako da na tubalin ƙasa a warwatse a gindin tudu, ruwan teku ya shigo har bakin titin Montgomery, ga jiragen ruwa kaɗan a tsaye. Kyaftin William Swasey, wanda ya san garin tun a wancan lokaci, shi ya tsara zanen, kuma sai da wasu dattawa suka sa hannu suka shaida cewa lalle haka wurin yake. Shekara arba'in ba su cika ba, amma har gari ya kai ga neman shaidu kafin a yarda da tsohuwar kamarsa.

Sunan ƙauyen na asali Yerba Buena, kuma a ƙarƙashin Meziko yake. A 1835 wani Baturen Ingila, William Richardson, ya fara kafa masauki a bakin gaɓar. Abin da ke kawo jirage shi ne fatun shanu da kitse daga manyan garkunan Kalifoniya. A watan Yuli na 1846 sojojin ruwan Amurka suka kafa tutarsu a dandalin ƙauyen, a watan Janairu na 1847 aka sauya masa suna. Ƙidayar da aka yi a shekarar ba ta kai mutum 500 ba. Cikin manyan attajiran wurin akwai William Leidesdorff, haifaffen tsibirin St. Croix mai jinin Afirka, wanda ya gina otal kuma ya sa hannu wajen kafa makarantar gwamnati ta farko. An buɗe ta a watan Afrilu na 1848.

Ba ta yi nisa ba aka rufe. Tun ranar 24 ga Janairu wani kafinta, James Marshall, ya tsinci zinariya a kogi inda yake gina wa John Sutter injin tsaga katako a Coloma. A watan Mayu wani ɗan kasuwa, Sam Brannan, ya bi titunan garin da kwalbar garin zinariya a hannu yana shela, alhali ya riga ya cika shagonsa da shebur da diga da kwanonin wanke ƙasa. Jaridun garin biyu suka daina fitowa don ma'aikata da masu karatu duk sun gudu daji. Malamin makarantar ma ya bi su.

Kafin ƙarshen 1849 mutanen garin sun kai kimanin 25,000. Matuƙa kan sauka su bar jirgi babu kowa, har ɗaruruwan jirage suka cunkushe gaɓar. Wani jirgi mai suna Niantic aka jawo shi tudu aka mai da shi ɗakin ajiya, daga baya aka gina otal a kansa. Wani mai suna Euphemia ya zama kurkuku. Aka riƙa zuba yashi da shara a cikin ruwan ana sayar da filaye, har gaɓar ta ɓace. A 1978 masu haƙa harsashin gini suka ci karo da ragowar Niantic a tsakiyar unguwar bankuna, nesa da ruwa. Gobara kuwa sau shida ta cinye sassan garin tsakanin Disamba 1849 da Yuni 1851.

Yawancin masu kallon zanen Swasey labarin nasara suke gani: ga ƙauye jiya, ga birni yau. Suna da hujja. Kalifoniya ta zama jiha a 1850, kuma kamfanoni irin su Wells Fargo da Levi Strauss daga wannan hada-hadar suka samo tushe. Sai dai wannan karatu ya yi gajarta, domin bai tambayi wanda ya biya kuɗin ba. Ribar ta fi tafiya wajen masu sayar da kaya irin su Brannan. Sutter, baƙi suka mamaye gonakinsa suka cinye dabbobinsa. Marshall ya mutu cikin talauci a 1885. Mahaƙan da suka zo daga Meziko da Chile aka ɗora musu harajin dala 20 kowane wata a 1850, aka kuma kori da yawansu da ƙarfin bindiga. Duk wanda ya bi labarin Bagega a Zamfara, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankin wajen 2010, ya san cewa asarar haƙo ba kan mai riba take faɗawa ba.

Haka kuma kuskure ne a ɗauki ƙauyen cikin zanen a matsayin wurin da babu zalunci. Sunayen da aka jera a ƙasan hoton na masu gidaje ne da shaguna da jirage. 'Yan asalin wurin, mutanen Ohlone, tun 1776 da aka kafa cocin Mission Dolores cuta da aikin tilas suka fara ƙarar da su. Zuwan masu neman zinariya ya watsa bala'in cikin jihar baki ɗaya: 'yan asalin Kalifoniya, da aka ƙiyasta sun kai 150,000 kafin rububin, sun ragu zuwa kimanin 30,000 a shekarun 1870, ta hanyar cuta da yunwa da kisan gilla, har da na mayaƙan sa-kai da jihar ta biya. Sai a 2019 gwamna Gavin Newsom ya nemi gafara, ya kira abin kisan ƙare dangi.

Ƙasar ma ta ɗauki nata rabon. Masu haƙo sun riƙa rushe tsaunuka da ƙarfin ruwa, laka ta binne gonakin kwarin Sacramento, har sai da kotu ta taka musu birki a 1884. Sinadarin makuri da suka yi amfani da shi wajen tace zinariya yana nan kwance a ƙasan koguna da mashigin tekun, kuma har yanzu hukumomin jihar na gargaɗin mata masu juna biyu da yara kan cin wasu kifayen da ake kamawa a wurin.