Ina Ɗan Tseren Keke Zai Zauna?

Hawan keke iri biyu ne. Akwai na mai zuwa kasuwa ko makaranta, wanda in ya ga hadari sai ya fake a zaure har ruwa ya ɗauke. Akwai kuma na ɗan tsere, wanda ya kan bi kwalta sa'a huɗu ko biyar a yini guda don ƙafarsa ta yi ƙarfi. Shi wannan na biyu ba abin da ya ke tsoro kamar sauyin yanayi, gama in ya jingine keke wata biyu ko uku, ƙarfin da ya tara sai ya zube, ya zama dole ya sake sabon lale. Saboda haka kullum 'yan tsere neman ƙasa su ke yi wadda za a iya hawa a cikinta daga farkon shekara har ƙarshenta.

Mutanen arewacin Turai sanyi ne ya ke korarsu. In hunturunsu ya shigo, rana ba ta daɗewa a sama, ƙanƙara kuma ta kan rufe hanya, taya ta yi ta santsi. Don haka manyan ƙungiyoyinsu su kan kwashe kaya cikin Disamba da Janairu su tafi gaɓar tekun Sifen, ko tsibiran Kanari da ke yamma da Maroko.

Wanda ya ji wannan sai ya ce, ai ke nan kowace ƙasa mai rana ta isa. Ba haka ba ne. A dubi Sakkwato ko Maiduguri. Da bazara, watau cikin Afrilu da Mayu, zafi ya kan wuce digiri 40, kwalta ta yi zafi har takalmi ya ji. Mai feda a cikin wannan rana gumi ya ke zubarwa fiye da ruwan da zai iya sha, tun kafin azahar ya galabaita. Da hunturu kuwa ga sanyi mai daɗi da safe, amma hazo ya kan tokare ido, ƙura ta cika ƙirji, ta kuma ci sarƙar keke. Shi ya sa mutanen Burkina Faso, da su ke yin babban tserensu na zagaya ƙasa tun 1987, su kan jira ƙarshen Oktoba, bayan damina ta wuce. Ƙasar da ke kwance dole ta zaɓi lokaci.

Abin da ya kamata mai nema ya fara tambaya shi ne tsawon ƙasa daga bakin teku. Iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda mutum ya yi sama: kowace mita 1,000 da ya hau, zafi ya kan ragu da kamar digiri 6. In kuwa tudun nan yana kusa da Ikwaita, watau layin da ya raba duniya biyu, to, an yi dace biyu. Tudu ya kashe zafi, kusanci da Ikwaita kuma ya hana hunturu mai ƙanƙara, tsawon yini bai cika canzawa ba.

Ƙasar Eritiriya ta isa shaida. Babban birninta, Asmara, yana bisa tudu mai tsawon mita 2,300 da 'yan kai. Daga can hanya ta gangara tana nannaɗewa kamar maciji har Masawa, a bakin Bahar Maliya, garin da ya ke cikin mafiya zafi a duniya. Tsakaninsu bai fi tafiyar kilomita 120 ba, amma mutumin Masawa yana fifita, na Asmara yana neman rigar sanyi da maraice. Italiyawa ne suka kai musu keke zamanin da su ke mulkin ƙasar, 'yan ƙasa suka karɓa hannu biyu-biyu, har tsere ya zama wasan da birnin ke taƙama da shi. Yaron da ya tashi a can ba watan da zai ce zafi ya hana shi fita. Ban da wannan, iskar tudu ba ta da kauri, saboda haka jiki ya kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya sami isasshen numfashi. In ya sauko ƙasa tsere, sai ya ji ƙirjinsa a buɗe. A 2015 Daniel Teklehaimanot ya sa rigar gwanin hawan dutse 'yan kwanaki a babban tseren Faransa. A 2024 Biniam Girmay, haifaffen Asmara, ya ci zango 3 a tseren nan, ya kuma tafi gida da koriyar riga.

Haka labarin ya ke a wasu tuddai. Egan Bernal, wanda ya ci tseren Faransa a 2019, a tsaunukan Kolombiya ya girma. Kigali ta Ruwanda, mai tsawon mita 1,500, ita ce ta karɓi gasar keke ta duniya a Satumba 2025, karo na fari da aka yi ta a Afirka.

Mai gardama zai ce tuddan nan akwai ruwan sama da yawa. Gaskiyarsa. Amma ruwa ba ɗaya ya ke da zafi ba. Sau da yawa hadarin tudu sai rana ta yi tsaka ya ke haɗuwa, wanda ya yi sammako ya gama aikinsa kafin yayyafi. Ko da ruwa ya doke shi, jiƙa ce kawai; zafin bazara kuwa yana iya kayar da mutum a sume.

To, Nijeriya ba sai ta je aro ba, tana da Jos. Garin yana bisa mita 1,200, ga hawa ga gangara ta hanyar Bukuru da Riyom da Pankshin. Bai kai Asmara tsawo ba, Yuli da Agusta kuma ruwa ya kan yi naci, amma da wuya a sami babban gari a Arewa da ya fi shi yawan ranakun da za a iya hawa. Abin takaici ne yaro mai ƙafa ya yi asarar watanni a Kano ko Sakkwato yana jiran rana ta yi sauƙi, alhali kuwa motar yini guda za ta kai shi inda ba jira.

Sai dai iska mai daɗi ba ta cike ramin hanya. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san yadda manyan motoci ke gangarowa, mai keke kuwa ba shi da garkuwa sai hular kwano. Ya kamata hukumomin wasanni su kafa sansanin 'yan keke a Jos, a zaɓi hanya ɗaya ko biyu a gyara gefensu, a kuma taƙaita gudun manyan motoci a kansu daga asuba zuwa hantsi.