A Daina Cusa Lamba Don Lissafin Ƙidaya Ya Tashi

Edita, ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin masu riƙe da alƙaluman ƙidaya a yankinmu na Funtuwa da Malumfashi.

Jama'a, ƙidayar 2006 sakamako biyu gare ta. Na wucin gadi, wanda aka fitar a 2007, ya ce mutanen Jihar Katsina 5,792,578 ne. Na ƙarshe kuwa, wanda aka buga a 2009, ya ce 5,801,584 ne: maza 2,948,279, mata 2,853,305. To, in malami ya ɗauko jimilla daga na farko, ya ɗauko maza da mata daga na biyu, dole ya tarar da rarar mutum 9,006. Nan fa wani zai zaftare daga wani rukuni don lissafi ya tashi. Wannan ha'inci ne, domin da irin waɗannan alƙaluma ake tsara ajujuwa, asibitoci da rabon taki.

Mu manoma mun sani, in buhunan masara ba su yi daidai da na littafin sito ba, sake ƙirgawa ake yi. Saboda haka ina roƙo a riƙa ɗauko jimilla da rukunoni daga takarda guda, a rubuta shekararta. In giɓi ya rage, a bayyana shi ƙarara, a nemi bayani wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Allah ya sa a gyara, amin.

Naka,
Wani manomi, Malumfashi.