Raddi Ga Masu Cewa Firam Ɗin Ɗorin Ƙashi Ba Shi Da Tasiri

Akwai masu cewa idan an dasa ƙwayoyin tushe na ɓargo domin cike giɓin ƙashi, firam ɗin da ake ɗora su a kai mazauni ne kawai, aikin duk na ƙwayoyin ne da sinadaran da aka ba su. Wannan magana kuskure ce, kuma ga amsar hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sun ce sinadari kaɗai ke zaɓa wa ƙwaya abin da za ta zama. Sai mu ce: a 2006 Adam Engler da Dennis Discher na Jami'ar Pennsylvania sun shuka ƙwayoyin ɓargo iri ɗaya a kan shimfiɗu masu bambancin tauri. Waɗanda ke kan mai laushi, ƙasa da kilofaskal 1, suka karkata ga siffar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na kan 8 zuwa 17 suka nufi tsoka. Na kan 25 zuwa 40 suka kama hanyar ƙashi. Ƙwayar tana kama shimfiɗar ta ja, ta ji ko za ta lotsa. A 2011 masana a Jami'ar Padua ta Italiya sun nuna furotin YAP da TAZ ne ke kai wannan saƙo cibiyar ƙwayar.

Na biyu, sun ce siffar fuskar firam ado ce. To, me za su ce da aikin Matthew Dalby a Glasgow a 2007? An huda ramuka masu faɗin nanomita 120 a kan roba. Da aka ɗan karkace jerinsu, ƙwayoyin da aka shuka a kan robar suka fara tara ma'adinin ƙashi ba tare da an zuba sinadarin da aka saba ba. Da aka jera su sak, hakan bai samu ba.

Na uku, sun ce a yi firam ɗin cunkus domin ya ɗauki nauyi. Ai iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da kimanin maikiromita 200 daga jijiyar jini. Firam maras ƙofofi kabari ne ga ƙwayoyin da ke tsakiyarsa. Shi ya sa ake son ƙofofi masu haɗe da juna, kamar na soso, da faɗinsu ya kai maikiromita 300, don jijiyoyi su samu shiga.

Na huɗu, sun ce abin bai wuce ɗakin gwaji ba. A 2001 Rodolfo Quarto da abokan aikinsa sun ba da rahoton majinyata uku masu giɓin santimita 4 zuwa 7, da aka cike da tangaran mai ƙofofi ɗauke da ƙwayoyin ɓargonsu, kuma ya haɗe da ƙashin.

Gaskiya ne har yau ɗebo ƙashi daga ƙugun majinyaci shi ne ma'auni, amma yana barin ciwo na biyu, kuma abin da ake samu kaɗan ne. Hukunci dai shi ne: firam abokin aikin ƙwaya ne, wanda ya raina ƙirarsa ya yi asarar ƙwayoyinsa.