Muryar Katsina Ta Kudu A Majalisar Dattijai

Tsarin mulkin ƙasar nan na 1999 ya ba kowace jiha kujeru uku a Majalisar Dattijai, ya ba birnin tarayya ɗaya, jimla dai kujeru 109. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta Katsina ta Kudu, wadda aka fi sani da shiyyar Funtuwa, mai ƙananan hukumomi 11, cikinsu har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mutumin Mabai, a ƙasar Ƙanƙara, wanda bai taɓa taka Abuja ba, ta bakin mai wannan kujera yake magana da shugaban ƙasa da ministoci da hafsoshin soja. Saboda haka ne muka ga ya kamata a tsaya a duba irin maganar da ake yi da sunansa.

Tun daga 1999 kujerar ta ratsa hannun mutane da dama. Sanata Abu Ibrahim ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2007, ya sake dawowa daga 2011 zuwa 2019; a tsakani Sanata Garba Yakubu Lado Ɗanmarke ya yi zango ɗaya. Sanata Bello Mandiya ya karɓa a 2019, sa'an nan aka zaɓi Sanata Muntari Ɗandutse a 2023. Amma in aka tambayi jama'a a kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara abin da suka sani game da aikin wakilansu, amsar da za a fi ji ita ce wane ya raba taki, wane ya ba da babura, wane ya haƙa rijiyar burtsatse. Ba mu raina waɗannan ba, domin mai jin ƙishirwa ya san darajar rijiya. Sai dai ba don su aka ƙago Majalisar Dattijai ba. An ƙago ta ne domin yin doka, da tantance kasafin kuɗi, da bincikar yadda hukumomi suke kashe dukiyar jama'a, kamar yadda sashe na 88 ya ba ta iko.

Akwai abin da za a nuna, in an yi adalci. A majalisa ta 8 Sanata Abu Ibrahim ya shugabanci kwamitin harkokin 'yan sanda, kuma wannan majalisa ce ta zartar da dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Yuni na 2019. Dokar ta ware wa asusun rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da ke shiga asusun tarayya, domin horo da kayan aiki. A farkon 2022 Babbar Kotun Tarayya, a ƙarar da Jihar Ribas ta shigar, ta ce cirar kuɗin kai tsaye daga asusun tarayya ta saɓa wa tsarin mulki. Wannan darasi ne ga masu yin doka: kyakkyawar niyya ba ta hana doka tuntuɓe in ba a auna ta da tsarin mulki tun a zauren muhawara ba. Haka kuma a 2024 kwamitin manyan makarantu da asusun TETFund, ƙarƙashin Sanata Muntari Ɗandutse, ya duba sabuwar dokar bai wa ɗalibai rance kafin Shugaba Bola Tinubu ya sa mata hannu a watan Afrilu na shekarar. Ɗan manomin da ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsinma ko ta Ahmadu Bello a Zariya, wannan doka ta shafe shi fiye da buhun shinkafar salla.

To, amma abin da ya fi ci wa mutanen wannan yanki tuwo a ƙwarya shi ne tsaro. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji, ba a sako su ba sai 17 ga watan, su 344. Watanni shida kafin nan an yi kisan Kadisau a ƙasar Faskari. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, aka rufe kasuwannin dabbobi, talaka ya ɗanɗana kuɗarsa ta fuska biyu. A 2024 aka kai wa 'Yargoje hari, a watan Agusta na 2025 kuma aka buɗe wa masallata wuta a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi. Yawancin irin waɗannan masifu akan ambace su a majalisa: sanata ya miƙe ya gabatar da ƙuduri na gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya, a roƙi gwamnati ta ƙara jami'ai, a buƙaci hukumar agajin gaggawa ta kai kayan abinci, shugaban majalisa ya buga guduma, a wuce zuwa batu na gaba.

Ya kamata masu karatu, musamman ɗalibai, su fahimci cewa ƙuduri ba doka ba ne. Shawara ce, gwamnati tana iya ɗauka, tana iya ajiyewa. A cikin 2020 Majalisar Dattijai ta nemi a sauke manyan hafsoshin soja fiye da sau ɗaya, amma ba a canja su ba sai a watan Janairu na 2021. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙudurin da majalisa ta zartar a ƙarshen Satumba na 2021, bisa buƙatar Sanata Ibrahim Gobir na Sakkwato ta Gabas, cewa a ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, bai faɗi ƙasa banza ba: kotu ta yanke hukunci a Nuwamba, gwamnati ta buga sanarwar a farkon 2022. Bambancin da ke tsakanin ƙudurin da ya mutu da wanda ya haifi wani abu shi ne bibiya. Sanatan da ya yi kuka a zaure ranar Talata, sa'an nan bai je zaman kwamitin da ake tambayar ma'aikatar tsaro inda ta kai kuɗin bara ba, ya yi rabin aiki ne kurum.

Akwai kuma maganar 'yan sandan jihohi, wadda aka daɗe ana ja-in-ja a kanta. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 214 rundunar 'yan sanda ɗaya ya tanadar wa ƙasa baki ɗaya, kuma gyara irin wannan sashe yana bukatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24. Jihar Katsina ta riga ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023 ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, domin jiran Abuja ya yi tsawo. Masu goyon baya suna cewa ɗan gari shi ya san lungun dajinsa. Masu tsoro suna tuna yadda aka yi amfani da 'yan doka na En'e a kan 'yan adawa a Jamhuriya ta Farko. Dukkan hujjojin biyu suna da nauyi. A ganinmu, wanda yake wakiltar Faskari da Sabuwa ba shi da uzurin yin shiru a irin wannan muhawara, kuma haƙƙin mutanensa ne su san ɓangaren da ya tsaya da dalilinsa.

A nan ne muka zo ga babbar matsalar. Da Turanci ake muhawara, da Turanci ake rubuta kundin zaman majalisa, alhali kuwa sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin majalisa da Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadin da ya dace. Tsarin mulkin 1979 ma haka ya faɗa. Fiye da shekara 40 ke nan ana jiran wannan tanadi. Bugu da ƙari, yawancin batutuwa da murya ake yanke su, masu "e" su ɗaga murya, masu "a'a" su ɗaga, babu sunan kowa a rubuce. Ta yaya manomin Mabai zai auna wakilinsa in ba ya jin abin da ya faɗa, ba a kuma rubuta yadda ya jefa ƙuri'a ba?

Wannan jarida tana kira ga sanatan Katsina ta Kudu, da takwarorinsa biyu na jihar, da kada su jira fassarar Abuja. Tsarin mulki ya wajabta wa majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara. A ƙarshen kowane zango, sanata ya zo gidan rediyon jiha ya bayyana da Hausa kwana nawa ya halarta, wace doka ya gabatar, wace ya goya wa baya, wace ya ƙi, da kuma inda ƙudurorin da ya kawo kan tsaro suka kwana. A buɗe layin waya jama'a su yi tambaya. Ma'aikatan gwamnati da ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda Allah ya ba su ilmin karanta kundin majalisa, su nemi kwafinsa daga ofishin akawun majalisa, su fassara wa iyayensu abin da ke ciki kafin lokacin kamfe ya zo.