Filin Lafiya: Masu Rabon Faɗa a Cikin Jini

A wannan wata za mu duba wata tambaya da ake yawan yi: in har jiki yana da dakarun da ke kare shi, me ya sa suke barin ciwon daji ya yi ta girma?

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda likitoci ke kira ƙwayoyin T. Su ne ke farautar duk ƙwayar jiki da ta lalace su kashe ta. To amma soja in babu mai tsawata masa, wata rana 'yan gida zai harba. Shi ya sa a cikinsu akwai wani ɗan rukuni da aikinsa rabon faɗa ne kawai. Wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguchi, shi ya gano su a 1995. A 2001 kuma Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka suka gano ƙwayar gado mai suna Foxp3, wadda daga baya aka tabbatar ita ke tafiyar da su. Yaron da aka haifa da ita a lalace, dakarun jikinsa kan far wa hanjinsa da fatarsa. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta 2025.

Ciwon daji da waɗannan masu rabon faɗa yake fakewa. Ƙarin yakan fitar da sinadaran da ke kiransu, su zo su kewaye shi. Suna shanye sinadarin IL-2 da mayaƙan ke bukata don su yawaita, suna kuma fitar da wasu masu sanyaya musu gwiwa. Wani bincike na 2004 a kan ciwon dajin ƙwan mace ya nuna cewa matan da suka fi yawansu a cikin ƙari sun fi saurin rasuwa.

A 2011 Amurka ta amince da maganin ipilimumab don wani mugun ciwon dajin fata. Yana toshe ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi a danne mayaƙan. Ya taimaki wasu ƙwarai, amma yakan jawo kumburin hanji ko na hanta, ga tsada.

Saboda haka, in mai talla a tasha ya ce maganinsa na ƙara ƙarfin garkuwar jiki yana kashe daji, a yi hattara. Dakarun suna nan, hana su aiki aka yi. Wadda ta ji ƙulli a nono, ko wanda gyambonsa ya ƙi warkewa, a garzaya asibiti tun da wuri. Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.