Tsohon takalmin ƙwallon kwando: kyan gani daban, daɗin ƙafa daban

A shekarar 1917 masana'antar Converse ta ƙasar Amurka ta fito da wani takalmin zane mai dogon wuya saboda ƴan wasan ƙwallon kwando. Shi ne All Star, wanda daga baya aka liƙa masa sunan Chuck Taylor. Bayansa Adidas Superstar ya zo a 1969, Nike Air Force 1 a 1982, Air Jordan na farko kuma a 1985. Dukansu don filin wasa aka yi su. Yau ana sake yin su bisa tsohuwar siffarsu, samari na sayen su don ado, sabbi ko na gwanjo, wasu ma na jabu.

Kyau dai akwai shi, ba gardama. Ba su da tarkacen ado, shi ya sa yayinsu bai wuce ba. Amma ido ba ya ɗaukar nauyin jiki, ƙafa ke ɗauka.

All Star ba shi da nauyi, zanensa na barin iska ta shiga, abin so ne a ƙasa mai zafi. Illarsa a ƙasansa take: roba ce shimfiɗaɗɗa, ba laushi. Wanda ya wuni tsaye da shi, diddigensa zai gaya masa. Ga shi da tsawo amma matsattse wajen yatsu, har masu saye da yawa kan rage rabin lamba; mai faɗin ƙafa kuwa, ko ya rage ko ya ƙara, da wuya ya ji daɗi. Air Force 1 ya fi shi laushi, domin akwai jakar iska a cikin diddigensa, sai dai yana da nauyi, kuma fatarsa na dafa ƙafa lokacin bazara. Air Jordan na farko ƙasansa siriri ne. Rabin abin da mai saye ke biya, kuɗin suna ne.

Babban kuskure shi ne shiga fili da su. Manyan ƴan wasa sun daɗe da komawa takalman zamani masu tare girgizar tsalle. Yaron da ke tsalle bisa siminti da All Star, gwiwarsa da idon sawunsa ke shan wuyar. Ya kamata malaman wasanni da uwaye su lura da wannan.

Mai niyyar saye ya gwada da marece, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa, ƙafa biyu duka, ya taka ya yi ƴan taku. Ya bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. In na gwanjo ne, ya duba diddigen: wanda ya cinye gefe guda ya riga ya ɗauki tafiyar mai shi na farko.